Lambar da ke dantsena

Maigidana,

Saƙonka ya iso tun ran Talata. Ƙanwarka ce ta karanta mini, har sau biyu, don idon yanzu ba ya shiri da ƙananan rubutun waya. A karatun farko na yi dariya har tari ya sarƙe ni. A na biyu ban yi ba. Wai ka ga wani mai wa'azi a bidiyo yana cewa lambar NIN da aka haɗa da layin waya ita ce lambar dabbar nan ta Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki, har kana tunanin ko ka yi zunubi da ka je aka ɗauki yatsunka. Ka kuma ɗora da tambayar me ya sa a majami'armu ba a buɗe littafin nan sai an yi rasuwa ko daren shiga sabuwar shekara, ko dai tsoronsa dattawa suke ji.

In lamba ce, ai matarka ta riga ka samu. In ka zo gida zan ɗaga maka hannun riga ka gani, tana nan a dantsena na hagu kamar an ɗora kwabo. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu 'yan lamba suka shigo ƙauyenmu da wata allura mai kama da bindiga, suna rigakafin agana. Mata suka riƙa cusa yara cikin rumbu. A lokacin ma an sami wanda ya ce ai lambar da Littafi ya faɗa ke nan. Inna ta kamo ni da kunne ta kai ni layi, tana cewa ta binne 'yan'uwanta biyu saboda agana, dabba kuwa ba ta taɓa ganinta ba. Yau ko sunan cutar ba ku sani ba.

Amma wanda ya fi zauna mini a rai shi ne na 1973. Shekarar nan komai ya taru wuri guda. A shekarar da ta gabace ta aka sauya hannun tuƙi, motoci suka koma dama. Ran 1 ga Janairu aka kawo naira da kwabo, fam da sule suka fara ja da baya, tsofaffi suna juya sabuwar takarda suna cewa kuɗin da ba su san shi ba, ba na alheri ba ne. Ga fari. A wajenmu, kudancin ƙasar Katsina, mun yi shuka ta bushe, muka sake, ta sake bushewa. Mutanen arewa da mu suna gangarowa da shanu ƙashi da fata, Buzaye da matansu suna bin gida gida. Ana cikin haka wani baƙon mai wa'azi ya kwana uku a garinmu, da wani dogon ƙyalle da aka zana dawakai huɗu da dabba mai kai bakwai da ƙaho goma. Ya rataye shi a bangon majami'a, yana nuni da tsinke, yana cewa alamu sun cika, saura rana ta yi baƙi. Ya ci kaza ya tafi abinsa, ya bar mu da kwana ido biyu. Wani maƙwabcinmu har ya daka irin da ya rage masa ya sha fura, ya ce shuka ta ƙare.

Sai ga Asabar, 30 ga Yuni. Ina tsakar gida ina surfe, rana ta kusa take tsaka, na ga hasken ya canja, ya yi wani fatsi fatsi kamar na yamma, alhali ko girgije babu. Zafin ya ragu a fatar jiki. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne inuwar dalbejiyar ƙofar gida: ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye duk ya koma kamar ƙananan jinjirin wata, ɗaruruwa, a shimfiɗe a ƙasa. Na yar da taɓarya. Can unguwar Musulmi yara sun fara kaɗa kwanuka da gwangwani, manya sun nufi masallaci sallar husufi. Mu kuma wani ya ruga ya doki ƙarfen ƙafar motar da muke kiran sujada da shi, ya yi ta duka ba ƙaƙƙautawa.

Majami'ar ta jinka ce, ba ta ɗaukar mutum sittin, amma ranar har da waɗanda rabonsu da ita tun Kirsimeti. Kuka, addu'a, kowa da tasa. Wata baba ta miƙe a gaban jama'a ta ce ita ce take kwashe ƙwan zabin kishiyarta shekara biyu ke nan, a gafarta mata. Wani ya fito da sule shida daga lalita ya miƙa wa wanda yake bin sa bashi tun kafin yaƙin basasa. Ni kuwa abin da ke raina, kar ka yi dariya, shi ne za a tashi duniya ban yi aure ba.

Baba Mai Bishara ne ya shigo a ƙarshe, da fartanya a kafaɗa, ƙafa duk ƙura. Ya jingine ta a bakin ƙofa, ya nemi ruwa ya sha a tsanake. Ashe shi ya ji a rediyon Kaduna tun kwana uku cewa wata zai tare rana, can wajen Agadas ma duhu za a yi sosai. Bai faɗa mana nan take ba. Ya buɗe tsohon Littafinsa, fassarar 1932, wadda a cikinta sunan littafin Ru'ya ta Yohanna, ya nufi sura ta 6, inda baƙon nan ya tsorata mu. Amma bai je ayar rana ba. Ya tsaya a kan baƙin doki, wanda mahayinsa ke riƙe da ma'auni, ana shelar mudun alkama ɗaya a bakin ladan ƙodagon yini guda. Ya rufe littafin a kan yatsansa ya ce, nawa mudun gero ya kai a kasuwar jiya? Aka faɗa. Ya ce, to wannan dokin ba sai kun ɗaga kai sama ba, yana ɗaure a garin nan. Duk wanda ya liƙe rumbu yana jiran tsada ta ƙaru, ga maƙwabcinsa yana kwana da ruwan rama, shi ke ba dokin ciyawa.

Wurin ya yi tsit. Babana yana cikin masu rumbun, ba zan ɓoye maka ba. Sai Baba ya juya shafi zuwa ƙarshen sura ta 7, ya karanta inda aka ce ba za su ƙara jin yunwa ko ƙishirwa ba, rana ba za ta ƙara dukansu ba, Allah kuma zai share musu hawaye. Muna fitowa rana ta dawo da zafinta kamar ba ita ba. Da yamma babana ya fasa rumbu ɗaya, ya auna wa mai furar nan iri. Baba mai ƙwan zabi kuwa, ta yi wata guda ba ta zuwa rijiya sai da duhu.

Daga baya na tambayi Baba Mai Bishara me ya sa ya tafi gona alhali ya san abin da zai faru. Ya ce babansa yakan ce, bawan da aka bar wa gida, in maigida ya dawo, gara ya same shi da tsintsiya a hannu da ya same shi a kan katanga yana leƙen hanya.

Sauran abin da na sani daga bakin marigayi kakanka ne, bayan ya dawo daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro. Shi yakan ce Wahayi zaurance ne. Yahaya yana tsare a tsibirin Batmusa, wajen shekara ta 95, zamanin Kaisar Domitiyan, yana rubuta wa ikkilisiyoyi bakwai da ke ƙasar da yau ake kira Turkiyya, su Afisa da Samirna da Birgamas. Mutum a hannun hukuma ba ya kiran sarki da suna. Sai ya ce Babila, mace a zaune kan tuddai bakwai, kowa kuwa a lokacin ya san birnin Roma ne ke kan tuddai bakwai. Lambar dabbar ma, wato 666, ya ce dubi yadda malamanmu na ajami ke rufe waƙa da ramzi, su ɓoye shekarar da aka yi ta cikin haruffa, kowane harafi da adadinsa. Haka Ibraniyawa da Helenawa suke yi. In ka rubuta Niron Kaisar da haruffan Ibrananci ka tara, 666 za ka samu. Wasu tsofaffin kwafe ma 616 suka rubuta, don in an cire nun ɗin ƙarshen sunan, hamsin ta fita. Niron nan shi ne ya ɗora wa Kirista laifin gobarar Roma ta shekara ta 64, ya karkashe su. Ba kowane malamin Littafi ya tsaya a nan ba, akwai masu cewa wani na tafe wanda zai fi shi, kakanka ma bai musa ba. Abin da ya nace a kai shi ne, a littafin, lambar tafe take da sujada. Sai ka durƙusa wa dabbar kake samunta. Kuma aya ta gaba, farkon sura ta 14, wasu ne tsaye da Ɗan Ragon, wato Yesu, da sunan Ubansa a goshinsu. Wannan lambar ban taɓa jin masu bidiyonku sun yi zancenta ba. Da ka je ofishin nan, an ce ka yi wa wani sujada? An ce ka musanci Yesu? Layi ka bi, rana ta dake ka, aka ɗauki hotonka ka fito kamar ɓarawon akuya.

Ba na ce ku daina lura ba. Farkon 2023, da aka canja takardun kuɗi, na yini a bakin banki da kuɗina a ciki na kasa sayen ko gishiri, ni ma ayar nan ta ba saye ba sayarwa sai mai lambar dabbar ta faɗo mini a rai. Amma masu sa rana sun daɗe suna jin kunya. A Amurka mabiyan wani William Miller, ba Likita Mila na Wusasa ba, sun tsayar da 22 ga Oktoba 1844, wasu ko amfanin gona ba su girbe ba. Gari ya waye musu kamar kullum. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, ga shi wannan ranar Mai ita ya ce a Matiyu 24 ko mala'iku ba su san ta ba.

Abin da ke damuna da ku shi ne a tsaye kuke cin littafin nan, guntu guntu, minti biyu a waya, daga bakin wanda ba ku san gidansu ba, ƙarshe ya ce ku tura baiko. Sura 22 ce fa duka. Mu a bakin kabari muka koye shi. Ran da muka sa kakanka a ƙasa, fasto ya karanta sura ta 21, ba sauran mutuwa, ba sauran kuka, na ji ƙafata ta taka ƙasa bayan kwana biyu ina yawo kamar a iska. A daren sabuwar shekara kuma, da can kowace mace da fitilarta ta ƙwai take zuwa, da ɗan kwalbar kananzir a gefe, saboda 'yan matan nan goma na Matiyu 25 da suka jira ango da fitilunsu. Yanzu janareta ne da ganguna har asuba, ana ta karɓar mota da biza da baki. Laifinmu ne ma, mun bar ku kun taso ba mu zaunar da ku mun karanta tare ba.

Zancen fyauce masu bi zuwa sama da mulkin Almasihu na shekara dubu da ka tambaya a ƙarshe, kakanka da amininsa sun shekara talatin suna gardamarsa a gindin dalbejiyar nan, da rake a hannu, har Allah ya ɗauke su ba wanda ya kayar da wani. In ka zo Kirsimeti ka zauna mini kwana uku, ba irin zuwan bara ba, mu fara daga sura ta 1, kai kana karantawa ina gyaran wake. Ka taho mini da gilashin ido, na wajen nan ya tsage. Layin wayar kuma kar ka bari su rufe shi, da me za ka riƙa kiran matarka?

Kakarka