Ruwa a gareji: amsoshin tambayoyinku

Wani magidanci daga Kano: Duk ruwan Agusta sai garejina ya cika, ruwa ya kwanta ƙarƙashin mota. Magini ya ce a fasa tsakiyar daɓen a sa rariya. In yarda?

Dakata tukuna, Malam. Ranar da ake ruwa ka tsaya ka ga ta inda yake shigowa. Idan daga titi ne, ko daga indararo, rariyar tsakiya ba za ta yi maka maganin komai ba. Doguwar magudana ake yi a bakin ƙofa, daga bango zuwa bango, a rufe ta da ragar ƙarfe da za ta ɗauki nauyin mota. Daɓen kuma ya gangara zuwa ƙofa, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Ka kuma tabbata kwatar waje, inda bututu zai kai ruwan magudanar, ta fi garejin ƙasa. In ba haka ba, ranar da ta cika, ta bututunka ƙazanta za ta dawo maka.

Sai maganar bututu, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Mutum zai sayi mota ta miliyoyi, ya je kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi bututu mafi araha! Akwai roba a kasuwa da za ka matsa da hannu ta lotse. Ita za a binne, a zuba kankare, mota ta riƙa bi ta kai kullum. Ranar da ta fashe ba za ka sani ba, ruwa zai yi ta cin ƙasa ta ciki har daɓen ya tsage, wani lokaci har ya taɓa tushen gini. Kuɗin fasawa da sake zubi ya ninka abin da ka rage sau da yawa. Sayi mai inci 4, mai kauri, ka je da kanka, kada ka aiki yaro. A yi ɗan rami mai murfi kafin bututun don tare yashi, ka riƙa kwashewa kafin damina.

Wani daga Kaduna: Wane launin tayil mai sheƙi ya fi dacewa da gareji?

Babu. Ruwa da mai a kan tayil mai santsi karaya ce. Bar shi da siminti mai ɗan kaushi.

Wata uwa daga Zariya: An ce mu juya ruwan garejin cikin rami, ga rijiyarmu a kusa. Hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya. Ruwan gareji yakan zo da baƙin mai da fetur, kuma kaɗan ya isa ya ɓata rijiya. A kai shi kwatar waje. In mai ya zuba, a shanye shi da yashi a kwashe, kada a wanke da ruwa.

Wani ɗalibi daga Kanada: Dusar ƙanƙara na narkewa daga jikin mota ta jiƙa garejin gidan haya.

Kada ka fasa daɓen mutane, ɗana. Garuruwa da yawa a can suna da doka kan inda rariyar gareji za ta zuba. Kakkaɓe ƙanƙarar a waje, ka sayi shimfiɗar roba mai tudun baki da ake ajiye mota a kai, ka riƙa ture ruwan waje. Gishirin da ake watsawa a titi yana cin kankare da ƙarfe, don haka kada ka bari ya kwana.