Murya na biyo bayan hoto a faifan DVD da na buga: ina matsalar take?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Mabera ne nan cikin Sakkwato. Watan jiya munka yi walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanwata, munka ɗauki bidiyo da wayoyi ukku, jimilla awa biyu da minti 40. Wasu ta WhatsApp anka turo mini su. Ina son in buga shi a faifan DVD in kai ma kakarmu a Wurno, don na'urar faifai kaɗai gare ta. Da farko na kwafe bidiyon a faifai, na'urar ta ƙi karantawa. Na koma ga manhajar haɗa DVD, sai laftof ɗina ta riƙa mutuwa tsakiyar aiki. Ranar da ta kammala kuma, bakin mai karatu shina motsawa kafin murya ta fito, wasu fuskoki sun yi faɗi, faifan kuma shina maƙalewa kusa da ƙarshe. Faifai bakwai na ɓata. Mi za ni yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya wa karatun ƙanwarka albarka, ya ƙara wa kaka lafiya.

Ka dakata da sayen faifai tukuna. Cikin matsaloli biyar da ka lissafa, guda ɗaya ce tak ta shafi faifan kansa. Sauran huɗun tun a cikin kwamfuta aka haife su, faifan bai yi komai ba face ɗaukar abin da aka ba shi. Aikin nan hawa uku ne: gyara bidiyon waya, haɗa shi ya zama DVD, sannan bugawa. Kowane hawa ana iya duba shi da ido kafin a wuce, ba tare da an taɓa faifai ko ɗaya ba.

Matsalar farko, ta ƙin karanta faifai, ba ta da wuya. Faifan da aka kwafe fayil ɗin MP4 a kansa ma'ajiya ce kawai, kamar filash. Tsarin DVD ya fito kasuwa tun 1996, kuma na'urar kaka da harshen wancan zamanin take ji: hoto a tsarin MPEG-2, cikin folda mai suna VIDEO_TS, da fayilolin VOB waɗanda kowanne ba ya wuce gigabait 1, tare da ƙananan fayilolin IFO da BUP masu nuna wa na'ura inda za ta fara da inda za ta bi. Wayoyin yanzu kuwa da tsarin H.264 ko H.265 suke ɗauka. Don haka komawarka ga manhajar haɗa DVD daidai ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar murya, kuma nan nake so ka ba ni hankalinka.

Bidiyo jerin hotuna ne da ake saki da sauri. DVD yana buƙatar adadin ya tsaya cak: ko hotuna 25 a kowane sakan a tsarin PAL, wanda talabijin ɗin Najeriya ke kai, ko 29.97 a tsarin NTSC na Amurka da Japan. Waya ba ta tsayawa haka. Tana rubuta maka 30, amma in haske ya ragu, kamar an shiga cikin ɗaki ko magariba ta kawo jiki, ko kuma ta ɗau zafi a hannu, sai ta rage adadin ba tare da ta faɗa maka ba, in abu ya daidaita ta koma. A kan wayar ba za ka ga komai ba, domin kowane hoto yana ɗauke da lokacin fitowarsa. Manhajojin DVD da yawa, musamman tsofaffi, ba sa kula da wannan lokacin. Suna ganin 30 a rubuce, sai su jera hotunan a kan 30.

Bari mu yi lissafi. A ce wayar 29.8 ta riƙa ɗauka a matsakaici. Cikin awa ɗaya ta tara hotuna 107,280. In aka sake su 30 a sakan, za su ƙare cikin sakan 3,576, alhali murya tana nan da cikakken sakan 3,600 ɗinta. Ka ga hoto ya riga murya da sakan 24. Ko tazarar da ke tsakanin 29.97 da 30, da take kamar ba komai ba, tana haifar da sakan 3.6 a awa. A bidiyon rawa ana iya kau da kai. A karatun Alƙur'ani kuwa, inda ido ke kan bakin mai karatu, ko rabin sakan yana damun mai kallo.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka kalli minti na farko, ka tsallaka tsakiya, ka je ƙarshe. In tazarar iri ɗaya ce ko'ina, to jinkiri ne kawai, ana gyara shi da matsar da murya gaba ko baya, kuma a manhajar kallon bidiyo ta VLC maɓallan J da K suna matsar da ita kaɗan-kaɗan har ka gano adadin. In kuwa farko lafiya lau, tazarar na ƙaruwa yayin da ake tafiya, to abin da na bayyana ne. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, MediaInfo. Ka buɗe kowane bidiyo da ita, ka nemi layin Frame rate mode. In ka ga Variable, ka kama ɓarawon.

Maganinsa HandBrake, ita ma kyauta ce. Ba ta yin DVD, amma tana daidaita tafiyar hotuna. Ka sa bidiyon, ka shiga sashen Video, ka zaɓi 29.97, ka danna Constant Framerate maimakon Peak Framerate da take zuwa da shi. Lambar inganci ka sa ta 18, don kada hoton ya yi asara sau biyu. A sashen Audio ka mayar da sautin 48 kHz, domin DVD ba ya karɓar 44.1 da wasu wayoyi ke ɗauka. Kowane guntu ka yi masa haka shi kaɗai kafin ka haɗa su. Wayoyi uku, halaye uku. In ka haɗa su ɗanye, kowace mahaɗa na iya ƙara nata kuskuren a kan na baya. Sababbin sigogin HandBrake suna buƙatar Windows 10 zuwa sama, in kana kan Windows 7 sai ka nemi tsohuwar siga a shafinsu.

Za ka ce me ya sa na zaɓi 29.97 alhali ƙasarmu ta PAL ce. Ra'ayina ne, kuma ga hujjata. Wayarka kusan 30 ta ɗauka. In ka matsa shi ya koma 25, dole a zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida, sai ka ga motsi yana ɗan tsalle duk sanda aka juya kyamara. Galibin na'urorin DVD da ke gidajenmu suna karanta PAL da NTSC duka. PAL ya fi yawan layuka, 720 da 576, NTSC kuma 720 da 480, amma santsin motsi ya fi wannan bambancin amfani ga bidiyon waya. Sai dai in talabijin ɗin kaka tsohuwa ce ƙwarai, hoton ya fito ba launi ko yana birgima, ka shiga Setup na na'urar ka mayar da fitarwarta PAL. In hakan bai yi ba, ka sake aikin a kan 25 tun daga HandBrake.

Wani abu da ke ci mini rai shi ne guntayen da aka turo ta WhatsApp. Manhajar tana matse bidiyo ƙwarai kafin ta aika, abin da ta zubar kuma ba ya dawowa. Saukar Alƙur'ani sau ɗaya ake yi wa yarinya. Ka daure ka bi masu wayoyin nan har gida da igiyar USB, ka kwaso na asali. In suna nesa, su turo shi a matsayin Document, ta nan ba a matse shi.

Faɗin fuska kuwa daga wanda ya riƙe wayarsa a tsaye ne. Hotonsa dogo ne siriri, manhajar ta ja shi ya cika allo. Ka zaɓi 16:9 ga aikin gaba ɗaya, ka kunna zaɓin kiyaye siffar hoto, ka yarda da baƙin fili dama da hagu a waɗannan guntayen. Ya fi a ga mutane da kamanninsu.

Sai mutuwar laftof. Yadda take mutuwa shi ke faɗin ciwon. In tana tsayawa a wuri ɗaya kullum, a ce kashi 63 cikin ɗari, ba ta mutu ba amma ba ta gaba, to akwai guntun da ya lalace a daidai nan, ka ware shi ka wuce da shi ta HandBrake. In ta fito da saƙon kuskure, ka duba sarari: aikin yana son akalla gigabait 10 a sake, kuma kada ka ajiye shi a filash mai tsarin FAT32, domin ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. In kuwa ɗif take yi ba sallama, kuma lokacin yana canzawa, zafi ne. Sauya tsarin bidiyo yana sa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki da dukkan ƙarfinta na awanni, kuma in ta doshi digiri 100 tana rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mu da muke garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka, ba mu da rarar da mai zaune a ƙasar sanyi yake da ita. Na sha buɗe laftof in tarar da ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga. Ka kai wa mai gyara ya share ta, ya sabunta man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar. Ka sauke ta daga katifa ko darduma, ka ɗora ta a tebur, ka ɗaga bayanta da ɗan katako, ka sa mata fankar ɗaki. Ka yi aikin bayan isha'i ko da asuba. Manhajar Core Temp za ta nuna maka zafin yayin da ake aiki. Ka kuma hana ta barci a saitin wuta. In batirinta ya mutu, kada ka fara bugawa sai kana da tabbacin wuta ba za ta ɗauke ba, domin faifan da aka yanke masa bugu ya tafi ke nan.

Yanzu faifan. An rubuta 4.7 GB a jikinsa, kwamfuta kuma za ta nuna maka kusan 4.37, bambancin hanyar ƙirga ne kawai. Wannan ya kama megabit 37,600, domin gigabait ɗaya megabit 8,000 ne. Bidiyonka sakan 9,600 ne. In ka raba, kowane sakan zai samu megabit 3.9, ka cire rabon murya da na menu, hoto ya tashi da kusan 3.5. MPEG-2 a wannan adadin, ga bidiyon hannu mai girgiza, dabbare-dabbare zai riƙa yi. Ka raba shi faifai biyu, minti 80 kowanne, ka sa hoto a megabit 6.5. Iyakar da DVD ya yarda wa hoto 9.8 ce, amma ba na kai faifan gida can, tsofaffin na'urori suna sarƙewa. Akwai faifai mai hawa biyu na 8.5 GB, ban ba ka shawararsa ba, ya fi tsada kuma tsohuwar na'ura ta fi yi masa gardama.

Rabawar nan za ta taimaka wa maƙalewar ƙarshe ma. Ana rubuta faifai ne daga tsakiya zuwa baki, kuma bakin nan ne rinin da ake rubutu a kansa a faifai mai araha ya fi rauni, nan ne kuma gudun bugu ya fi yawa. Ƙarshen bidiyonka a can yake zaune. Kada ka cika shi maƙil, ka tsaya wajen gigabait 4.1. Ko an rubuta 16x a jikinsa, ka buga a gudun 4x, in na'urar bugunka ba ta sauka can ba to 6x ko 8x. Ka nemi DVD-R, tsofaffin na'urori sun fi sabawa da shi a kan DVD+R. Na taɓa sayen kwalin faifai mai ɗauke da sanannen suna, rabinsa ya ƙi, ashe jabu ne. Tun daga nan guda biyu nake fara saye in gwada kafin in ɗauki kwali.

Wajen haɗawa ina amfani da DVDStyler, kyauta ce. Windows DVD Maker da wasu suka saba da ita ta tsaya ne a Windows 7. Abin da ya fi muhimmanci: in ka gama shiryawa, kada ka zaɓi bugawa kai tsaye. Ka zaɓi ta fitar maka da fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a cikin kwamfuta. Ka buɗe shi da VLC, ka duba farko, tsakiya, da minti biyar na ƙarshe, idonka a kan bakin mai karatu. In ya yi, sai ka buga da manhajar ImgBurn, ka bar alamar Verify a kunne don ta karanta faifan ta gwada shi da asalin. In Verify ta ƙi a faifai biyu masu kyau a jere, idon na'urar bugun ne ya yi ƙura ko ya gaji, sai ka ari ta waje mai shiga ta USB.

Ka tambayi wanda ke kusa da kaka ko na'urarta tana da ƙofar filash. In akwai, galibinsu suna karanta AVI mai tsarin Xvid wanda faɗinsa bai wuce 720 ba, a filash mai FAT32. Zai zame mata madadi ranar da faifan ya karce.

Kafin ka hau motar Wurno, ka gwada faifan a tsohuwar na'urar wani maƙwabci, ba a kwamfuta ba, domin kwamfuta tana haƙuri da kurakuran da na'urar gida ba ta haƙuri da su. Ka rubuta suna a kansa da alƙalamin maka mai laushin baki, ban da biro, ban da manna takarda. Kada ka bar shi a gaban mota cikin rana. Bidiyon asali da fayilolin ISO kuma ka adana su wuri biyu daban, don faifan da aka buga a gida ba ya da tabbacin daɗewa a irin zafinmu. In ka bi duk wannan murya ta ci gaba da saɓawa, ka kwafo mini abin da MediaInfo ta rubuta a sassan Video da Audio na kowane guntu, tare da mintin da tazarar ta fara.