Lauya ya nema, aka ba shi ilimin zamantakewa: ya karɓa?

Tambaya: Malam, ɗana ya cike lauya a JAMB, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta ba shi ilimin zamantakewa. Ya karɓa ko ya jira baɗi? Kuma dole ne in saya masa kwamfuta? Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa: Alhaji, shawarata ya karɓa, sai dai idan shi da bakinsa ya ce maka ba abin da yake so sai lauya. Zaman gida shekara guda yana kashe wa yaro gwiwa, kuma babu tabbacin makin baɗi zai fi na bana.

Karatun shekara huɗu ne, ba na rainawa ba. Zai karanta rubuce-rubucen Durkheim da Weber da Marx, manyan masanan Turai na wannan fanni, zai kuma haɗu da Ibn Khaldun, wanda tun a ƙarni na 14 ya yi nazarin yadda al'umma ke haɗa kai da yadda dauloli ke faɗuwa. Tambayoyin da za a sa shi gaba da su namu ne na gida: me ke kashe aure da wuri, me ke fitar da yara daga makaranta, me ke jefa matasa cikin shaye-shaye.

Abin da nake roƙonka ka ja masa kunne a kai shi ne darasin ƙididdiga da na dabarun bincike. Ɗalibai da yawa suna gudunsu saboda lissafi, su haddace, su ci jarrabawa, su manta. Nan kuwa abincin yake. Wanda ya iya tsara takardar tambayoyi, ya shiga unguwa ya gaida mai unguwa, ya zauna a zaure ya saurari mutane har su saki jiki, ya dawo ya mayar da amsoshin alƙaluma, shi ƙungiyoyin agaji irin na Maiduguri ke nema. Akwai kuma Hukumar Ƙidaya, wadda rabonta da ƙirga 'yan Najeriya tun 2006, da hukumar gidajen gyaran hali, da ma'aikatun walwalar jama'a. Takardar digirin kaɗai ba ta kawo aiki, kada a ruɗe ka.

Kwamfuta kuwa, kada ka takura kanka a shekarar farko. Waya mai kyau ta ishe shi karanta takardun darasi. Idan ya shiga aji biyu ko uku, ka nemi ta hannu mai batir mai ƙarko, ya fara koyon Excel da SPSS, manhajojin tsara alƙaluma da tantance su, a kanta kafin lokacin rubuta kundin kammalawa ya zo.