Ku Tambaya Mu Amsa: Mu takwas ne, wace ƙasa za mu fara zuwa buɗe ido?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu abokai ne mu takwas a nan Argungu, wasu malaman makaranta wasu 'yan kasuwar shinkafa, shekara biyu ke nan muna zubin adashe don mu fita waje mu ga namun daji da idonmu ba cikin waya ba. To kuɗi sun ɗan taru sai gardama ta tashi, wasu sunka ce Kenya, wani ya ce mu bi ta Kamba mu shiga Nijar mu ga raƙuman dawa tunda kusa ne, kuma da labari ya bazu mutum kusan ashirin sunka ce a sa da su. Mi ka gani?
Daga wani malamin makaranta, Argungu

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa adashen nan albarka. Kafin komai, mutum ashirin ɗin nan a ba su haƙuri, su haɗa nasu ayarin daban. Ba rowa ba ce. Motocin da ake shiga daji da su a Kenya da Tanzaniya yawanci mutum 6 ko 7 suke ɗauka don kowa ya samu taga, a Ruwanda ma masu zuwa ganin gwaggon biri mutum 8 kacal ake bari su je wurin garke ɗaya a rana, kuma awa ɗaya za su yi a fito da su. Sannan dabba ba ta jiran kowa, da sassafe giwa take saukowa shan ruwa, in kuna da yawa wallahi kafin a gama jiran mai wanka da mai neman cajar waya da wanda ya ce sai ya sha kunu, rana ta take, sai dai ku ga sawu da kashi.

Maganar Nijar kuwa, abokinka bai yi ƙarya ba, raƙuman dawan Kure suna nan kamar kilomita 60 daga Yamai, kuma su ne ragowar irin na Afirka ta Yamma. Amma ni dai ba zan ce ku je yanzu ba. A wurin ne aka kashe mutum 8 a watan Agustan 2020, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, shi ma dajin W da ke tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso 'yan bindiga sun addabe shi, kuma ku mutanen Kebbi ba sai an yi muku bayanin abin da wannan yake nufi ba.

Kenya akwai kyau, a dajin Masai Mara daga Yuli zuwa Oktoba za ku ga dubban jakunan dawa da wasu dabbobi masu kama da shanu masu gemu suna tsallaka kogi kadoji na jiransu. Sai dai komai da dala ne, a lokacin nan kuɗin shiga kawai dala 200 ne kowane mutum a rana, ku takwas dala 1,600 ke nan ba a yi maganar jirgi da otal ba. Ka lissafa da buhun shinkafa ka gani.

Ni in da ni ne, Gana zan fara. Ba biza, ƙasar ECOWAS ce, kuna da damar zama har kwana 90, abin da ake buƙata fasfo da katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, kar wanda ya ce zai saya a bakin filin jirgi, a je a yi allurar da gaske aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Daga Akara jirgi kamar awa ɗaya ne zuwa Tamale, daga nan mota kamar awa uku zuwa dajin Mole, wanda shi ne mafi girma a ƙasar. Abin da ya burge ni da Mole shi ne da ƙafa ake shiga, ma'aikacin daji da bindigarsa yana gaba kuna biye, sai ka ga giwa tsaye gabanka ba shinge ba komai, ga gwanki ga gadu, birai kuwa har masauki suke zuwa su wafce maka biredi kana kallo. Ku je da rani, tsakanin Disamba da Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe dabbobi na taruwa bakin tafki. Dab da dajin akwai tsohon masallacin ƙasa na Larabanga da ake cewa tun 1421 aka gina shi.

Kuma fa wannan yankin shi ne Gwanja da muke ji a bakin kakanni, inda fatake suke zuwa da jakuna su kai kanwa da tufafi su sari goro a Salaga, tafiyar watanni. Har yau in kun shiga zango a Kumasi ko Nima a Akara da Hausa za ku sayi tuwo ku tambayi masallaci. In kwana ya rage ku gangara bakin teku ku ga kurkukun bayi na Elmina da 'yan Fotugal suka gina a 1482, wurin nan ba a fitowa ana dariya.

Su fataken nan ba sa tashi sai da madugu, ku ma haka. Ku zaɓi mutum ɗaya da in ya ce ƙarfe 6 za a tashi to an gama magana, wani daban ya riƙe kuɗi, duk abin da aka kashe ko ruwan leda ne ya rubuta a guruf ɗin WhatsApp a ranar. Na taɓa bin wata tafiya mu goma sha ɗaya ba a yi haka ba, kowa madugu, mun dawo lafiya lau amma mutum biyu har yau ba sa gaisawa a kan kuɗin tasi. Kuma ku ware wani abu gefe da ba a taɓawa sai rashin lafiya ko jirgi ya bar wani.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu mata ne shida a Gusau, ni da ƙannena da matan yayyena, babban yayanmu zai raka mu. Masar ko Maroko muke so, damuwarmu abinci da wurin salla. Kuma wani ejan da muka gani a Facebook ya ce mu tura kuɗin duka ya yi mana komai.
Daga wata Hajiya, Gusau

AMSA: Barka kadai Hajiya. Abinci da salla cire su daga ranki, duka biyun ƙasashen Musulmi ne, kiran salla ne ma zai tashe ku. Sai dai ku tafi da yajinku da ɗan kilishi in an bari ya wuce, don miyarsu ba ta jin barkono yadda kuka saba.

A Masar akwai jirgi kai tsaye daga Kano ko Abuja zuwa Alƙahira, ga dalar Giza da ta haura shekara 4,500, ga masallacin Azhar mai shekara sama da 1,000, ga kasuwar Khan Khalili inda na san nan za ku fi daɗewa. Masu raƙuma a Giza ku yi ciniki da su a gama, na hawa da na sauka, kafin kowa ta ɗora ƙafa. A Maroko kuwa birnin Fas ne wurin zuwa, akwai tsohon masallaci kuma jami'a ta Ƙarawiyyin da wata mace Fatima al-Fihri ta kafa a 859, nan kuma zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take in akwai masu son ziyara a cikinku, jirgin ƙasa daga Kasabalanka kamar awa huɗu ne. Duka ƙasashen biyu sai da biza. A tafiyar farko ni Masar zan ce, tsakanin Nuwamba da Fabrairu kafin zafi ya shigo.

Shi kuma ejan ɗin nan, Hajiya don Allah kar ku tura. Yayanku ya je ya ga ofishinsa da ido, a nemi wanda ya taɓa tafiya ta hannunsa a ji daga bakinsa, a biya kashi-kashi, kuma in ya ce ya yanki tikiti ya ba ku lambar, ku shiga shafin kamfanin jirgin da kanku ku ga sunan kowa ya fito daidai da na fasfo. Ku duba fasfunan ma tun yau, duk wadda nata bai kai wata 6 kafin ya ƙare ba ta fara zuwa ofishin shige da fice a sabunta.