Kwamfuta ta ƙi ganin faifan ajiyata na waje, ga hotunan mutane a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni mai ɗaukar hoto ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Ina da faifan ajiya na waje mai cin terabait 1, irin ƙaramin nan da ba a jona shi da wutar bango, kuma a cikinsa nake tara hotuna da bidiyon bukukuwa. Tun makon jiya idan na jona shi da laftof ɗina mai Windows 10, fitilarsa tana kamawa, kwamfutar ma tana yin 'yar ƙarar nan, amma ba ya fitowa a This PC. Sau ɗaya ya fito, sai aka rubuto mini cewa sai na yi masa fomatin, ni kuwa ban yarda ba. Akwai hotunan biki biyu da ban ba masu su ba tukuna. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Ka yi dabara da ba ka danna fomatin ba, wato shafe faifan a sake tsara shi, kuma ina roƙonka ka ci gaba da ƙin dannawa ko sau nawa saƙon ya dawo. Abu biyu ne a gabanka, ceto hotunan da gyaran faifan, kuma na farkon ne ya kamata ya riga, domin yawancin abin da ake yi da sunan gyara rubutu ne a kan faifan, rubutu kuwa yana iya hawa kan abin da kake nema.

Kafin ka taɓa komai a kwamfuta, ka jona faifan a ɗaki mara hayaniya, ka kara shi a kunnenka. A cikin irin wannan faifai akwai faranti mai sheƙi da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wata allura mai karatu wadda ke shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Idan ka ji guna mai laushi wanda ba ya yankewa, injin yana da lafiya, matsalar tana wani wuri. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas yana maimaituwa, ko wani ɗan kuka kamar na sauro alhali farantin bai tashi ba, to ko dai wuta ce ba ta isa ba, ko allurar ta samu matsala. A wannan hali gwaji ɗaya kawai na yarda ka yi, wato canza kebur da kafar USB. Idan ƙarar ba ta sauya ba, ka zare shi ka ajiye, saboda allurar da ta lalace tana kankare farantin a duk juyin da ya yi, abin da aka kankare kuwa ba mai dawo da shi.

Batun wuta da kebur shi ne inda mutane suka fi rainawa, alhali a nan aka fi samun laifin. Kamawar fitila ba shaida ba ce, don fitilar ba ta cin komai. Kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuwa, wadda yawanci cikinta shuɗi ne, tana bayar da 900, kuma lokacin da farantin zai fara juyawa ne ya fi jan wuta. Saboda haka ka cire duk wani abin da ke jone, ka sa laftof ɗin a caji, ka jona faifan kai tsaye da shuɗiyar kafa ba ta hanyar abin nan mai rarraba kafofi ba. Idan kwamfutar tebur ce, kafofin baya sun fi na gaba aminci. Sannan ka dubi bakin kebur ɗin da ke shiga faifan. Mafi yawansu faffaɗan baki ne mai tsagi a tsakiya, kuma tsohon kebur ɗin cajin wayar Android, wanda ake amfani da shi kafin zuwan Type-C, yana shiga ɓangare ɗaya na wannan bakin ya yi aiki, sai dai a hankali. Wannan gwaji ne na kyauta, muddin kebur ɗin mai ɗaukar bayanai ne ba na caji zalla ba. An taɓa kawo mini faifan wata ɗaliba da ke kuka a kan aikinta na kammala karatu, da na haska tocila a kafar sai na ga ƙurar hunturu ta dunƙule a ciki kamar auduga. Tsinken sakace da sabon kebur suka gama aikin. Haka nan masu jefa faifai a jaka da kebur ɗinsa a jiki su ne kafarsu ke saurin girgiɗewa, har sai an riƙe kebur ɗin a karkace kafin ya kama.

Idan ka yi wannan duka bai fito ba, ka danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management. This PC yana nuna faifan da aka ba harafi ne kawai, kamar D ko E, wannan shafin kuwa yana nuna duk wanda kwamfutar ta gani. Ka nemi naka a ƙasa ta girmansa, kuma kada ka tsorata idan ka ga gigabait 931 maimakon 1,000, bambancin ƙirga ne tsakanin masu ƙera faifai da Windows. Idan an rubuta NTFS ko exFAT, wato tsarin ajiyar da Windows ke karantawa, da Healthy amma babu harafi, ka yi sa'a: ka danna dama, ka zaɓi Change Drive Letter and Paths, ka ba shi harafi, shi ke nan. Idan an rubuta Offline, ka danna dama a kan sunan faifan ka mayar da shi Online. Idan kuma an taɓa shirya faifan a kwamfutar Apple, wadda masu haɗa bidiyo da yawa ke amfani da ita, yana iya kasancewa a tsarin APFS ko HFS+, waɗanda Windows ba ya karantawa da kansa, sai a mayar da shi can a kwashe.

Amma bisa abin da ka faɗa, na fi zaton RAW za ka gani, ko baƙin layi mai Unallocated, ko kuma a nemi ka yi Initialize. Ma'anar RAW ita ce Windows ya ga faifan amma ya kasa karanta littafin da ke nuna inda kowane fayil yake. Kamar babban kanti ne da rijistarsa ta jiƙe, kaya suna nan a kan kanta, mai shago ne ya rasa sanin wanne ke ina. Abin da ke jawo haka ba ya wuce fizge kebur ana cikin kwafa, ko mutuwar kwamfuta bagatatan idan an ɗauke wuta ga batir ya gaji, ko kuma wasu gurabe a jikin farantin sun fara mutuwa. A duk ukun kada ka yi fomatin, kada ka yi Initialize, kada ka ƙirƙiri sabon fatishan, wato yankin da ake keɓewa a faifai don ajiya. Za ka kuma ji masu ba da shawarar umarnin chkdsk. Ni ban yarda da shi ba a wannan mataki, domin aikinsa shi ne daidaita littafin ko da zai yar da abin da bai gane ba, kuma yana wahalar da faifan da ya riga ya raunana.

Abin da ya dace shi ne ka fara auna lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanta rahoton da faifan ke ajiyewa game da kansa. Idan ta nuna Good, da alama littafin ne kawai ya hargitse. Idan ta nuna Caution da rawaya, musamman a layukan 05 da C5 da C6, to gurabe sun fara mutuwa, kuma kowace awa da ya yi a kunne tana rage masa kwana. A wannan yanayi ana fara kwafe faifan ne ɗungurungum zuwa wani da manhajar ddrescue ta Linux (wani tsarin kwamfuta daban da Windows), wadda ke kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna sannan ta dawo kan masu wuya, sai a yi sauran aikin a kan kwafin. Idan ba ka saba da Linux ba, wannan ne wurin da za ka nemi wanda ya saba. Ko ta yaya dai sai ka tanadi wani faifan da bai gaza wannan girma ba, domin ba a zuba abin da aka ceto a inda aka ceto shi.

Wajen ceton kansa akwai TestDisk da PhotoRec, manhajoji biyu na kyauta da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, kuma tare suke zuwa. TestDisk yana neman fatishan da ya ɓata, kuma sau da yawa yana nuna maka foldojinka da sunayensu, ka kwafe su zuwa sabon faifan ba tare da an rubuta komai a tsohon ba. PhotoRec kuwa ba ruwansa da littafi, bin farantin yake yi yana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto ko bidiyo, har da hotunan CR2 na kyamarar Canon da NEF na Nikon. Aibinsa shi ne sunaye da foldoji suna ɓacewa, sai ka tarar da amaryar Pantami da ta Tumfure a kwando ɗaya, ga shi dogayen bidiyo kan fito a gutsure. Tun da kai mai hoto ne, ga wata hanya da ta fi kusa: ka daina ɗaukar komai da katin kyamarar da ka yi bukukuwan nan biyu da shi. Ko ka goge, ko ka yi masa fomatin a kyamara, sau da yawa hotunan suna nan har sai sababbi sun hau kansu, kuma PhotoRec ya fi samun nasara a kati fiye da faifai mai ciwo.

Saura idan bai fito ko a Disk Management ba. Ka buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, idan ka ga alamar rawaya ka cire na'urar da Uninstall, ka zare kebur, ka sake kunna kwamfutar. Ka kuma gwada shi a wata kwamfutar, amma ba ta shagon buga takardu ba, don kada ka kwaso bairos ɗin nan mai ɓoye foldoji ya bar maka shotkot. Idan ko'ina bai fito ba alhali farantin yana juyawa lafiya, ana zargin ɗan allon da ke tsakanin faifan da USB. A yawancin na Seagate faifan laftof ne na yau da kullum, mai kafar da ake kira SATA, a cikin kwanson, ana iya zare shi a sa a sabon kwanso mai araha. Na WD My Passport da Toshiba Canvio da yawa kuwa kafar USB a jikin allon faifan take, babu abin zarewa, wasu na WD ɗin ma suna rufe bayanai da makulli a cikin allon. Mai gyaran waya da ya iya hannunsa zai iya sake liƙe kafar da ta ɓalle da dalma, amma kada ka yarda a musanya allon da na wani faifan kai tsaye, domin akwai ɗan guntun ƙwaƙwalwa a jikinsa mai ɗauke da saitin wannan faifan shi kaɗai, sai an ɗauke shi an mayar a sabon.

Buɗe kwanson roba ba laifi ba ne. Kwance murfin ƙarfen da ke rufe farantin shi ne garin neman gira a rasa ido, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma, balle a teburin kasuwa. Sanya shi a firji da bubbuga shi da tafin hannu su ma ka bar su. Aikin allura na masu ɗaki na musamman ne mai tace iska, galibi a Legas ko Abuja, kuma kuɗinsa yakan ninka na sabon faifai, don haka ka tambaye su tun farko ko ana biya idan ba a samu komai ba.

Bayan hotunan sun fita ka buɗe su ka tabbatar, sannan ka yi wa tsohon cikakken fomatin, NTFS idan Windows kaɗai kake amfani da shi, exFAT idan kana haɗawa da Apple. Idan CrystalDiskInfo ta riga ta nuna rawaya, kada ka sake ɗora masa aikin mutane. Sabon kuma kada ya kwana a jakar babur ko cikin mota a zafin Maris da Afrilu, kuma hotunan biki su zauna a wuri biyu har sai masu su sun karɓa. Idan ka duba, ka rubuto mini sunan kamfanin faifan, da irin ƙarar da ka ji, da ainihin kalmar da aka rubuta a Disk Management, in gaya maka wanne daga cikin waɗannan za ka fara.