Tambaya da Amsa: Na kira ƙaramar hukuma a Ingila sun tura ni wajen wata ƙungiya, korata aka yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a wani gari a tsakiyar Ingila da maigidana da yaranmu uku. Shekara biyu ke nan mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni nake yi mata komai: wanka, alwala, abinci, har juya ta cikin dare. Dole na rage aikina ya koma kwana biyu a mako. Wata maƙwabciya ta ce in kira ƙaramar hukuma. Da na kira sai suka ba ni lambar wata ƙungiya, wai ita suka ba aikin masu jinya. Malama, korata suka yi cikin ladabi? Ni fa ban ɗauki kaina ma'aikaciyar jinya ba, surukata ce. Sannan ƙungiyarmu ta matan masallaci tana tambaya ko mu ma za mu iya samun irin wannan kwangilar.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ba korarki aka yi ba. Waccan ƙungiya da kuɗin ƙaramar hukuma take aiki, kuma a garuruwa da yawa ita ce ƙofar da ake shiga. Ki kira ta. Amma bari in buɗe miki yadda abin yake, domin wanda bai san hanya ba ko an nuna masa ƙofa sai ya ɗauka bango ne.

Mu da muka taso a gida, in an ce kwangilar ƙaramar hukuma, kwalbati da rijiyar burtsatse ne ke faɗo mana a rai. A Ingila babbar kwangilar ƙaramar hukuma ita ce kula da mutane. Ƙananan hukumomi 153 ne ke da alhakin kula da tsofaffi da masu naƙasa, kuma tun bayan wata doka ta 1990 suka fara janye hannu daga yin aikin da ma'aikatansu, suka koma masu tsarawa da saye. Suna fara auna buƙatar yankin tare da hukumar lafiya ta NHS: tsofaffi nawa ne, a wace unguwa, wane ciwo ya fi yawa, su wa kaɗaici ya yi wa katutu. Daga nan a rubuta aikin da ake so, a tallata, ƙungiyoyin agaji da kamfanoni su nema, a ba wanda ya ci na wasu shekaru, galibi uku zuwa biyar, ana bibiyarsa da alƙaluma. Wani ɓangare na kuɗin yana fitowa daga asusun haɗin gwiwa na NHS da ƙananan hukumomi da ake kira Better Care Fund, wanda ya fara aiki a 2015. Wuraren shan shayi na tsofaffi, ajin motsa jiki, masu ziyartar wanda ba shi da kowa, cibiyar masu jinya, da yawansu ta wannan hanya suke samuwa.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Dokar da ke tafiyar da wannan harka ita ce Care Act ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2015. Sashe na 79 ya yarje wa ƙaramar hukuma ta wakilta wani ya yi mata aikin, amma ya ce duk abin da wakilin ya yi, ko ya kasa yi, a wuyanta yake. Wato ta iya ba da aikin, ba ta iya ba da alhakin. In ƙungiyar ta bar ki kina jira wata da watanni, ba ki da buƙatar yin rigima da ita. Ƙaramar hukuma za ki koma wa.

Yanzu maganarki ta cewa surukarki ce. Wannan magana na sha jin ta daga bakin mutanenmu, kuma ita ce ke hana mu haƙƙinmu. A wajen dokar, mai jinya shi ne duk baligin da ke kula da wani baligi ba don albashi ba: 'ya, miji, suruka, maƙwabci. Ƙidayar 2021 ta samu irinku kusan miliyan 5 a Ingila da Wales. Amsa wannan suna bai rage miki lada ba, kuma bai mayar da Hajiya baƙuwa ba. Suna ne na takarda da ke buɗe sashe na 10 na dokar, wanda ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta tantance buƙatunki ke kanki, daban da na majinyaciya. Da Turanci carer's assessment ake cewa, kuma da wannan lafazin za ki nema a waya. Kyauta ne. Ba a duba yawan kuɗinki kafin a yi shi, ba a ƙidaya sa'o'in da kike yi, kuma ko Hajiya ta ƙi a tantance ta, ke naki yana nan. Kina iya neman tafinta, kina iya cewa a yi zaman ba a gaban Hajiya ba.

A nan ne nake so mu daɗe, don a nan mutanenmu ke faɗuwa. Ma'aikaciya za ta tambaye ki, "Yaya kike fama?" Ke kuma tarbiyya ta koya miki ki ce, "Alhamdulillahi, muna lallaɓawa." Ita abin da kika faɗa za ta rubuta. Ta rubuta kina lallaɓawa, an rufe fayil. Kunya ado ce, amma ba a wannan zaman ba. Dokar ta umarce su su tambaya ko kina iyawa, kuma ko kina son ci gaba da jinyar yadda take. Ko kina son komawa cikakken aiki ko karatu. Ana duba ko lafiyar jikinki ko ta kwakwalwarki na taɓuwa, ko jinyar ta hana ki kula da yaranki, gyara gida, cin abinci yadda ya kamata, zumunci, aiki, ko samun ɗan lokacin kanki. Don haka kafin ranar, ki ɗauki mako guda kina rubuta komai a littafi: sau nawa kika tashi cikin dare, ƙarfe nawa kika kwanta, yaushe bayanki ya riƙe wajen ɗaga ta, wane taron makarantar yara ya wuce ki, yaushe rabonki da zuwa masallaci ko gidan suna. Ki ba su labarin ranar da ta fi tsanani, ba ranar da aka tashi da sauƙi ba. Faɗin gaskiyar gajiya ba ƙorafi ba ne a kan surukarki, kuma ba tona asirin gida ba ne.

In an ga kin cancanta, za a rubuta miki tsarin tallafi. Kada ki sa rai da abu mai yawa: sau da yawa horon yadda ake ɗaga majinyaci ba tare da jin ciwo ba ne, da katin gaggawa wanda zai sa a san akwai mai jiranki a gida in wani abu ya same ki a hanya, da zaman tattaunawa da sauran masu jinya, da ɗan kuɗi da za ki kashe wa hutunki. Doka ta ba su damar cajin mai jinya, amma yawancinsu ba sa yi.

Babban sauƙin yana zuwa ne ta ɓangaren Hajiya. Ki nemi a yi mata nata tantancewar ƙarƙashin sashe na 9. In aka turo mai zama da ita don ki huta, a lissafinsu hidimar tata ce, don haka dukiyarta ake dubawa, ba taki ko ta ɗanta ba. Wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya da kansa. Ƙasa da fam 14,250 ba a taɓa ajiyar, sai dai a duba kuɗin da ke shigo masa. Kuma tana da zaɓin a ba ta kuɗin a hannu maimakon a turo ma'aikatan kamfani. Ga tsohuwar Bahaushiya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da shi za ku ɗauki mace wadda ke jin Hausa, ta san tsarki da alwala, ta san tuwo mai laushi. Sai dai a ƙa'ida ba a biyan dangi na kusa da ke zaune gida ɗaya da majinyaci da wannan kuɗi, sai in hukumar ta ga babu makawa.

Akwai kuma alawus ɗin masu jinya, Carer's Allowance, wanda mutane ke haɗa shi da ƙaramar hukuma alhali ma'aikatar ayyuka da fansho ta gwamnatin tsakiya ce ke biya. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 fam 83.30 ne a mako, ga mai jinyar sa'o'i 35 zuwa sama, da sharaɗin majinyacin yana karɓar ɗaya daga cikin alawus ɗin naƙasa, irin su Attendance Allowance. Tunda kina aikin kwana biyu, ki kula: abin da kike samu bayan cire haraji da wasu kuɗaɗe yana da iyakar da ba a so ya wuce, a waccan shekarar fam 196 ce a mako. In ya wuce ko da fam ɗaya ne, alawus ɗin makon gaba ɗaya ya tafi, kuma dubban mutane sun wayi gari da bashin da ba su san sun ci ba ta wannan hanya. Alƙaluman suna canzawa kowane Afrilu. Abu na biyu ya fi wannan haɗari: in bizarki tana ɗauke da sharaɗin hana cin kuɗin gwamnati, wannan alawus yana cikin abin da aka hana, kada ki nema sai kin ga mai ba da shawara kan shige da fice. Tantancewar ƙaramar hukuma kuwa ba ta cikin jerin.

Ki kuma gaya wa asibitin likitan unguwarku su rubuta ki a matsayin mai jinya. A wurin aiki, tun 6 ga Afrilun 2024 kina da haƙƙin hutun jinya na mako guda a shekara, ba albashi.

Ba zan ɓoye miki ba, aljihun ƙananan hukumomin ya yi zafi. Birmingham, wadda ta fi kowace girma, ta ayyana a Satumban 2023 cewa kuɗinta ba za su iya ɗaukar kasafinta ba, Nottingham ta biyo baya a Nuwamban shekarar. In aka zo yanka, hidimomin unguwa irin na rigakafi ake fara kai wa wuƙa, duk da sashe na 2 na dokar ya ɗora musu hana ƙaramar matsala zama babba. A ganina wannan arha ce mai tsada: ranar da mai jinya irinki ta kwanta, gado biyu za a nema. Wani aibin tsarin shi ne duk bayan 'yan shekaru a sake tallata kwangila, sabuwar ƙungiya ta karɓa, lamba ta canza, ma'aikaciyar da ta san labarinki ta tafi. Saboda haka ki ajiye kwafin duk takardar da aka ba ki.

Batun ƙungiyarku ta mata kuwa, babbar kwangila ba ta masu farawa ba ce. Ana neman rajista, asusun banki da sunan ƙungiya, inshora, rubutacciyar manufar kare masu rauni, da binciken 'yan sanda na DBS ga duk mai hulɗa da tsofaffi. Hanyar da ta fi kusa ita ce ƙananan tallafin da ake ba ƙungiyoyin unguwa, ko ku je wajen ƙungiyar da ta ci kwangilar ku zama abokan aikinta. Kada ku raina abin da ke hannunku. Ana auna su da yawan masu jinyar da suka gano, musamman waɗanda ba sa zuwa ofis, ku kuma kun san gidan da ake jinya tun kafin likita ya sani. Ku kuma sa ido kan lokacin da hukumar ke jin ra'ayin jama'a kafin sabunta kwangila. A nan ne ake iya sa a rubuta tafinta da ma'aikata mata cikin sharuɗɗa. Bayan an sa hannu, gyara yana da wuya.

In kin nemi tantancewa aka yi shiru, ki rubuta wa sashen kula da manya na ƙaramar hukumar da Hajiya ke zaune a cikinta, ki ambaci sashe na 10 da ranar da kika fara kira. In hanyar ƙorafinsu ta ƙare ba ki gamsu ba, akwai ofishin mai binciken ƙorafi a kan ƙananan hukumomi, wato Local Government and Social Care Ombudsman, yana bincike kyauta, kuma ana so a kai masa ƙara cikin wata 12 da sanin matsalar. Duk wannan bayani na Ingila ne. Scotland da Wales kowacce da dokarta.