Me ya sa ake cire kayan jirgi alhali bai lalace ba?

Tambaya: Malam, injiniya ya duba wani ƙaramin jirgin sama na 'yan kasuwa da ake shirin saye, ya ce dole a canja faifan da ke cikin injin. Babu tsaga a jikinsa, awoyin tashin jirgin kuma ba su da yawa. Anya wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Amsa: Injiniyan yana kan daidai. Ana ƙirga shekarun kayan jirgi ne ta hanya uku: awoyin tashi, yawan tashi da sauka, da watannin kalanda. Wanda ya fara cika, shi ake bi.

Abin da ke cinye faifan da ke riƙe da ƙananan fikafikan da ke juyawa a cikin injin shi ne yawan tashi. Duk lokacin da aka tayar da injin aka ba shi wuta, ƙarfen yana zafi yana buɗewa, in an kashe ya huce ya tsuke. A haka yake gajiya, tsagar ta fara daga inda ido ba ya kaiwa. Jirgin da ke yin gajerun tafiye-tafiye na minti 40 kan ƙare wa'adin faifansa tun awoyinsa ba su kai ko'ina ba. Adadin tashin da aka ƙayyade wa faifan yana cikin littafin gyara na kamfanin da ya ƙera injin, a sashen da hukuma ta amince da shi, FAA a Amurka ko EASA a Turai. Dubawa ba ta ƙara masa ko tashi ɗaya. In ya cika, a cire shi, a yi masa alama ko a lalata shi don kada ya koma kasuwa. Faifan injin ne ya fashe a jirgin DC-10 kusa da birnin Sioux City na Amurka a 1989, mutum fiye da 100 suka rasu.

Kalanda kuwa tana tafiya ko jirgin yana fake. A dokar Amurka, ana gwada na'urar auna tsayi da na'urar da ke amsa wa rada kowane wata 24. Tukunyar oksijin ta ƙarfe nau'in 3HT ana gwada ƙarfinta duk shekara 3, a jingine ta bayan shekara 24.

Kafin a biya kuɗi, a nemi takardun da ke nuna tarihin kowane faifai tun daga ranar da aka ƙera shi. Faifan da tarihinsa ya yanke, ba za a iya tabbatar da sauran wa'adinsa ba, don haka a sa kuɗin sabo cikin cinikin.